Yadda zaka sake gina tsohon kiɗanka ba tare da ka yi masa gyaran gangar Auzinawa ba

Bara lokacin sanyi, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, muna zaune a situdiyo muna jiran a kawo wuta sai yaron da yake koyon aiki a wajena ya miƙo min wayarsa yace "Yaya dan Allah saurari wannan, wai ance kai ka yi." Ko daƙiƙa uku ba a yi ba na gane shi. Kiɗana ne na 2012, wanda ɗaliban Gwallameji da Yalwa suke ce wa mai sarewar nan, don sunan da na raɗa masa bai taɓa zama a bakin kowa ba. Ya sha turi daga waya zuwa waya har sautin ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki, amma sarewar tana nan daram, kuma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A daren na yanke shawarar zan sake taɓa shi. Wata huɗu aikin ya cinye min, na ɓata na gyara na sake ɓatawa, shi yasa nace bari in rubuta yadda ake bi, don na san akwai irina da yawa daga nan Bauchi har Azare da Gombe masu tsohon kiɗa kwance a had-dis, mutane na sonsa har gobe, su kuma duk sanda suka ji shi kunnensu na kama abubuwan da suke so da sun yi daban.

Irin kiɗan da nake magana a kai shi ne na na'ura mai sanyi wanda turawa ke ce wa ambiyen, amma mai ɗan bugu a ƙasa, yadda in kaso ka taka in kuma kaso ka jingina ka lumshe ido. Brian Eno ne ya yaɗa sunan da faifansa na 1978 mai suna Music for Airports, daga baya wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 matasan Birtaniya suka haɗa wannan sanyin da bugun gidan rawa. Cikinsu akwai wasu mutum biyu, Garry Cobain da Brian Dougans, masu kiran kansu The Future Sound of London, da suka fitar da Papua New Guinea a 1991. Bayan shekara goma, a 2001, sai suka koma kan wannan kiɗa guda ɗaya tal suka gina faifai sukutum a kansa, Papua New Guinea Translations, kiɗa takwas, na farko shi ne na asali yadda yake, sauran bakwai ɗin kuma kowanne ya ɗebi wani yanki ya yi gaba da shi, wani sai ka yi nisa da sauraro kafin ka gane daga ina ya samo asali. Wannan faifan ne ya buɗe min kai. Akwai wasu hanyoyin dai, Kraftwerk na Jamus a 1991 sun sake buga tsofaffin kiɗe-kiɗensu da sababbin na'urori a faifan The Mix, shi kuma Jean-Michel Jarre na Faransa a 2007 ya sake ɗaukar Oxygène ɗinsa na 1976 da tsofaffin na'urori irin na wancan lokacin. Duk hanya ce, amma ka san wacce zaka bi tun kafin ka kunna kwamfuta, saboda wanda bai zaɓa ba shi ne zaka ga ya ƙara ƙarfin kik, wato bugun babbar ganga, ya sa sabon bes, wato sautin nan mai zurfi na ƙasa, ya kira abin rimiks, alhali ba abin da ya yi illa ya sa wa tsoho rigar yaro.

Abu na farko, kuma shi ne uwa uba, ka gano ran kiɗan. Kar ka buɗe furojek ɗin, wato fayil ɗin aikin a kwamfuta, tukuna. Ɗauki wanda ke yawo a wayoyin mutane, mai dushi-dushin nan, ka saurare shi sau biyar sau shida a wurare daban-daban, a keke napep, a shago, kwance a ɗaki, hannunka nesa da linzamin kwamfuta. Sannan ka nemi mutum huɗu ko biyar da suka san shi tun da, ba 'yan situdiyo ba, mutanen gari, ka ce kowa ya rera maka shi da baki. Abin da suka rera shi ne kiɗan, sauran duk kaya ne ka ɗora masa. Ni na ɗauka kod ɗin fiyano, wato sautukan da ake dannawa tare, da na kwana uku ina jerawa su ne abin, amma da na tambaya, mai shayin layinmu, da wata 'yar'uwata da aka sa shi a kamunta, da wani tsohon DJ da yanzu yake sayar da kayan waya a Wunti, duk su ukun abu ɗaya suka yi, suka busa sarewar da baki, sauti biyar kacal, har da ɗan jinkirin da take yi kafin na ƙarshe. Ba wanda ya tuna fiyanon ko mutum ɗaya. Toh kaga an gama magana, sarewa da wannan ɗan jinkirin ba a taɓa su, komai kuma ana iya rushewa.

Ka rubuta wannan a takarda ka manna a jikin bango gaban teburinka, da gaske nake. Bayan sati uku kana aiki kunnenka zai gaji da ran kiɗan, zai fara raya maka cewa ai ya tsufa a canza shi, takardar ce zata riƙe maka hannu.

Sai neman tsofaffin fayil, nan ne wahala take. In Allah ya taimake ka furojek ɗinka na manhajar haɗa kiɗa, FL Studio ko Cubase, yana nan, kafin komai ka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani waje, a kan kwafin zaka yi aiki, asalin kar ka ko buɗe shi, domin in ka buɗe a sabon FL ka danna sebin, tsohon FL ba lallai ya sake karanta shi ba. Zaka tarar wasu fulogin ɗin, wato ƙananan manhajojin da ke ba da sauti ko gyara shi, sun ɓata, musamman tsofaffin nan masu bit 32, wasu samfur ɗin kuma, wato guntayen sautin da ka saka, kwamfuta zata ce bata gansu ba saboda suna can cikin wata folda a laftof ɗin da ka sayar tun tuni. Duk layin da ya buɗe lafiya ka fitar da shi shi kaɗai a WAV mai bit 24, ganga daban, bes daban, murya daban, duk su fara daga daƙiƙa ɗaya, kuma ka fitar da kowanne sau biyu, ɗaya da ribab, wato amon nan irin na cikin babban ɗaki, da sauran kwalliyarsa ɗaya tsirara. Ka fitar da MIDI ɗin ma, wato fayil ɗin da ke riƙe da abin da ka danna da lokacin da ka danna shi, don ko sautin ya ɓata bugun yatsunka na nan a ciki.

Ni nawa rabin ya tafi. Had-dis ɗin ya taɓa lalacewa a 2016, na kai wa wani mai gyara, maimakon ya ciro min kayan sai ya goge shi tas ya zuba sabon windo yace ai ya gyaru, abin da ya tsira sai wanda ke cikin wata tsohuwar filash. Fiyano da ganga na samu, sarewar kuwa babu, sai wadda ke cikin MP3. In haka ta same ka akwai manhajojin da suke raba kiɗa gida-gida, irin su Demucs da Spleeter wanda kamfanin Deezer ya saki a 2019, kuma FL Studio ma tun daga 21.2 yana da nasa a ciki. Suna aiki, amma ka san iyakarsu. An fi horar da su a kan murya da ganga da bes, sarewa ko goge sai su watsa maka su cikin tarkacen sauran, wani lokacin ma su ɗauka murya ce, kuma MP3 mai 128 dama an riga an yanke masa saman sauti daga wajen 16 kHz, abin da aka yanke ba manhajar da zata dawo maka da ainihinsa. Abin da ka ciro zai zo da wani ɗan sauti kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Kar ka yar da shi, yana da amfani, zan zo kansa. Amma kar ka ce shi zaka sa a gaba.

Kafin ka yi nisa ka zauna ka tuna waye da waye ke da hannu a kiɗan. Wa ya yi amshi, wa ya busa, wane samfur ka yanko daga faifan wani lokacin da ba wanda ya damu. A 2012 duk muna yi, kiɗa a memori yake yawo ba mai tambaya, yanzu kuwa kana ɗorawa a YouTube na'urarsu zata kama shi. Ko manyan ma bata bar su ba, The Orb a Little Fluffy Clouds na 1990 sun sa muryar Rickie Lee Jones daga wata hira da aka yi da ita, da wani yanki na kiɗan Steve Reich, kuma daga baya sai da aka zauna maganar haƙƙi da kuɗi. Mu ma nan akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023. Abin da ba naka ba ko ka nemi izini ko ka cire ka buga naka. Wanda kuma ya taimake ka a da ka neme shi ku yi magana, a rubuta a takarda ko da layi biyar ne, in mace ce ta yi aure yanzu ka tambaya ko ta yarda muryarta ta sake fita, in tace a'a shikenan ka cire, ba ja-in-ja.

Yanzu sai rushewa. Buɗe sabon furojek fanko, kar ka yi aiki a cikin tsohon don idonka zai riƙa ganin tsohon tsari hannunka kuma ya bi shi. Ka shigo da ran kiɗan shi kaɗai ka bar shi yana juyawa, ka saurari me yake nema. Nawa na da yana gudu 124 BPM, wato bugu 124 a minti ɗaya, saboda lokacin burina a taka a fati, da na saurari sarewar ita kaɗai sai naji ashe tun asali ba mai sauri bace, ni na ja ta da gudu, sai na sauko 100. Amma ka kula, jan sauti yana da iyaka, a kunnena in ka wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari murya da busa suna fara rawa kamar ta cikin fanka. Ganga da fiyano ba matsala tunda MIDI ne, su sai dai ka canza lamba.

In akwai waƙa a ciki, ko da kalma uku ce, nan ka buɗe kunne sosai, don Hausa ba kamar turanci bace da zaka ja gaɓa yadda kaso. Mu tsawon wasali da hawa da saukar murya su ke riƙe da ma'ana. A wani aikin da na yi wa wani abokina akwai inda mai amshi take cewa "gari ya waye", yaron situdiyo ya ja gaɓar farko don ta zauna a kan bugu, sai ya koma garin tuwo, shi bai ji ba saboda ya saurara sau ɗari kunnensa ya mutu, matar gidan da muke haya ce tana wucewa ta tsaya a ƙofa tace wai wane gari ne ya waye, na masara ko na dawa. Haka in ka yanka murya ka ɗaga gaɓa ɗaya ka sauke ɗaya don ta bi kod, kana iya mayar da magana wata maganar. In zaka ɗaga ka ɗaga jimlar duka tare, in zaka ja ka ja inda wasalin dama dogo ne, ko ƙarshen jimla. Kuma ko yaushe ka sa wanda bai taɓa ji ba ya faɗa maka me yaji an ce.

Tunda sarewata ta MP3 bata isa a sa ta a gaba ba, sai na tafi neman mai ita. Wani dattijon Bafulatani ne da na haɗu da shi a 2012 ta wajen hanyar Gubi, na ɗauke shi da wani makirfo mai arha a zauren wani gida. Sati biyu ina cigiya kafin a haɗa ni da ɗansa a kasuwar Muda Lawal. Da na je na gaishe shi na kunna masa, ya yi shiru har ya ƙare, nace "Baffa so nake ka sake busa min ita kamar yadda ka yi wancan karon." Sai yace "Ɗana, waccan sarewar ai ta daɗe da fashewa, wannan ce a hannuna yanzu, kuma numfashin ma ba irin na da bane, sai dai in busa maka yadda zan iya." Ya busa. Sautin nan biyar ne, jinkirin ma yana nan, amma ya fi na da kauri, akwai iska a ciki, kuma a na ƙarshen numfashinsa yana ɗan karyewa. A mota muna dawowa yaron yace Yaya sai mu sa mata otatun ko, wato manhajar nan mai miƙar da sauti ya zauna daidai kan ki, nace kul.

Ga abin da ake yi a irin wannan. Sabuwar sarewar ta sauka ƙasa da ki ɗin kwamfuta da wajen senti 30, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na rabin mataki. Maimakon ka ja dattijo ya bi na'ura, ka ja na'ura ta bi shi, kusan duk fulogin yana da wajen saita tunin, ka sauke su duka da senti 30 ɗin, bes da fad da fiyano, shikenan sun zauna tare. Kayan kiɗanmu, sarewa da goge da kukuma da gurmi, ba a kan ma'aunin fiyano aka ƙera su ba, in ka tilasta musu sai su koma kamar sautin cikin kibod ɗin Yamaha, kuma in wannan kake so ai ba sai ka je ƙauye ba. Kalangu ma haka, daɗinsa a matsewar nan ta hammata yake da muryar ke hawa tana sauka, kar ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka jera a kan layi, ka bar makaɗin ya buga minti biyu uku a kan bit ɗin sannan ka zaɓi inda ya fi zama. Wajen ɗauka kuma, makirfo ya ɗan kauce daga saitin bakin mai busa kamar taki ɗaya zuwa biyu don kar iska ta buge shi, a kashe fanka, in janareto ne a nisanta shi ko a jira batir. Na biya Baffa a gaban ɗansa, muka rubuta, ya dangwala.

Yanzu sai shimfiɗa, wato wannan sauti mai faɗi da yake kwance a ƙarƙashin komai wanda muke ce wa fad, shi ne ke sa kiɗa ya zama ambiyen. Shawarata kar ka ɗauko shi daga sabon fulogin da kowa ke da shi, ka ƙera shi daga tsohon kiɗanka. Nan ne wancan gurɓataccen abin da ka ciro daga MP3 zai yi rana. Akwai wata manhaja kyauta, Paulstretch, da take jan sauti ninki takwas ninki ashirin har fiye ba tare da ya kakkarye ba, ya zama kamar hazo. Na saka mata tsohuwar sarewar ta daƙiƙa shida na ja ta ta kai kusan minti biyu, na sauke ta rabin mataki sau goma sha biyu, na rage mata sama da filta, sannan na daidaita tunin ɗinta da sabuwar. Sai ya zama Baffa na yau yana busa a kan Baffa na 2012. Ba wanda zai gane da kunne, amma kowa yana cewa abin ya haɗu kamar jini ɗaya, ai kuwa jini ɗayan ne, da tsohuwar zuma ake magani.

Sautin gari ma yana ƙara rai, iskar hunturu a jikin kwano, kukan tsuntsaye da sassafe, hayaniyar kasuwa daga nesa, ni har ruwan Wikki na Yankari na taɓa ɗauka da waya. Amma dan Allah ka saurari abin da ka ɗauko daga farko har ƙarshe da hedfon kafin ka sa. A garinmu da wuya ka yi minti biyar kana ɗauka ba a jiyo kiran sallah ko karatu ko wa'azi daga wata lasifika can nesa ba, kuma in ribab ya hau kai sai ya fito fili. Wannan ba abin sawa a ƙarƙashin kiɗan rawa bane, in kaji ko alama ka yar ka sake ɗauka wani lokacin. Haka hirar mutane, in ana gane me suke faɗa ka cire.

Maganar amsa-kuwwa kuma lissafi ne mai sauƙi. Ka raba 60000 da BPM ɗinka, abin da ya fito shi ne tsawon bugu ɗaya a milisakan, a 100 BPM 600 kenan, a 120 kuma 500. In kana son irin dilen nan, wato maimaicin sauti, mai tafiya kamar yana gangarowa daga dutse ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, wato 450 a 100 BPM. Ribab ka sa shi a layinsa daban kana tura masa sauti, kar ka ɗora wa kowane layi nasa, kuma ka yanke masa ƙasa daga wajen 250 Hz in ba haka ba komai zai cakuɗe ya zama kunu. Kik da bes kar su shiga ciki sam. Kuskuren da na fi gani wajen yaranmu shi ne da zarar an ce ambiyen sai a jiƙa komai sharkaf, alhali faɗin wuri baya fitowa sai akwai abu ɗaya busasshe a kusa da kunne da zaka auna nisan sauran da shi. A nawa shantu ne, na bar shi ba ko ɗigon ribab.

Wajen tsari kana da wata dama da baka da ita a karon farko, mutane sun riga sun san abin da ke zuwa, don haka zaka iya ja musu rai. A na da sarewa tana shigowa tun daƙiƙa ta takwas. A sabon sai da na bari aka yi minti ɗaya da rabi, shimfiɗa ce kawai da shantu da bes yana shigowa a hankali, sai sauti biyu na farko na sarewar su leƙo su koma, sai can ta fito duka, kuma a daidai nan na ɗauke ganga gaba ɗaya na bar ta ita da numfashin Baffa. Ranar da na gwada shi a wani ɗan taro na abokai, wajen ya yi tsit, sai wani daga baya yace "ita ce wallahi". Amma kar ka wuce gona da iri, in zaka sa a TikTok ka yanka wani gajere daban wanda ran kiɗan ke farawa nan take, kar ka lalata dogon saboda gajeren. In kuma aikin ya haifar maka da hanya biyu uku duk masu kyau, kar ka cusa su waje ɗaya, ka yi kamar mutanen can na Ingila, kowacce ta zama kiɗan kanta.

In ka gama miksin kar ka yarda da sifikun situdiyo kaɗai, mutanenka a waya zasu ji da 'yar MP da motar haya. Sifikar waya da ƙyar take fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz, don haka bes mai zurfin nan da yake girgiza maka ƙirji a situdiyo a waya babu shi, sai ka ɗan ƙona shi kaɗan da satureshan, wato ɗan gurza sautin, ya samu sama-sama da ƙaramar sifika zata kama. Ka mayar da komai mono ka ji, fad mai faɗi sosai wani lokacin ɓacewa yake in an haɗe hagu da dama. Wajen mastarin kuma, wato gyaran ƙarshe, kar ka matse shi don ya yi ƙara, Spotify dama yana daidaita ƙarfin kiɗa wajen -14 a ma'aunin ƙarar sauti na LUFS, in ka matse ka kashe numfashin a banza kuma su rage maka bolyum. Ka ajiye shi sati guda baka ji ba, sannan ka kunna tsohon da sabon a jere ga mutanen nan da suka rera maka tun farko, kar ka ce musu komai, fuskarsu kawai zaka kalla.

Wajen fitarwa ka bar tsohon suna a jiki ka ƙara shekara ko wata kalma don masu nema su same shi, kuma sabon yana buƙatar lambar shaidar kiɗa ta ISRC tasa daban tunda sabon ɗauka ne, kamfanin da ke raba maka zuwa Audiomack da Boomplay da sauransu zai baka. Kar ka sauke tsohon daga intanet, in ma baya nan ka ɗora mafi kyawun kwafin da kake da shi kusa da sabon, akwai wanda da shi aka kai ta ɗaki, akwai wanda da shi ya yi karatun jarabawa, nasu ne. Ka rubuta sunan duk wanda ya busa ko ya buga ko ya yi amshi. Ka kai wa 'yan turi na kasuwa kwafi mai kyau da hannunka, MP3 mai 320, tun kafin wani ya ɗauko mai dushi ya raba.

Sannan ka adana aikin yadda ni ban yi ba a 2012. Furojek ɗin a zif tare da duk samfur ɗinsa, layukan WAV tsirara da masu kwalliya, MIDI, hoton takardun yarjejeniya, duk a waje uku, had-dis ɗaya a situdiyo, ɗaya a gida, ɗaya a Google Drive. A cikin foldar ka sa ɗan fayil na rubutu mai bayanin aikin don wanda zai buɗe nan da shekara goma, ko kai ko wani. Nawa layi huɗu ne: gudu 100 BPM, dile 450, shimfiɗar daga tsohuwar sarewa aka ja ta, sarewar Baffa ta sauka senti 30 kuma haka aka bar ta da gangan kar a gyara.